Maganin da Bai Iso Gulbin Kaba Ba

Motar Damagaram ta fita daga tashar Maraɗi tun hantsi bai ɗaga ba. Tsakiyar hunturu ne, hazo ya kwanta a kan gonaki, an daɗe da gama girbi, sai karan gero da rumbuna da awaki masu kiwon kansu. Mun wuce Cadawa, inda hanyar Mayahi ke ɓallewa ta yi arewa, ban sauka ba, don ƙauyen da zan je ya fi kusa da Tasawa. Daga nan sai Agiye, sai Gazawa. Ko'ina mota ta rage gudu yara mata na biyo ta da tiren gyaɗa da aya da dafaffen ƙwai, fuskokinsu fari fat da ƙura.

Saƙon murya ne ya taso ni. Kawu, yayan mahaifiyarmu, ya sa an ɗauki maganarsa a WhatsApp an turo mini: ya ji a rediyo cewa Turawa sun gano maganin amosanin jini, wanda ke raba mutum da ciwon har abada, saboda haka in zo mu yi shawara, shi ya shirya sayar da bijiminsa da abin da ya samu na wake. Jikansa ne ke fama, ɗan ƙanwata, wadda aka haɗa auren zumunci da ɗan Kawun. Ni malamin makaranta ne mai koyar da ilimin sinadarai, ba likita ba, amma a danginmu duk wanda ya yi lakwal har ya sa tabarau, to shi ne likita, shi ne lauya. Na san amsar da zan ba shi ba mai daɗi ba ce, kuma irin wannan amsa ba a aika ta ta waya.

Tasawa tana da nisan kusan kilomita 120 daga Maraɗi. Tsohon gari ne. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a cikinsa a watan Janairun 1851, kuma a gabas da shi kaɗan, a Maijirgi, hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka mutu a hannun sojojinsu a 1899 bayan ɓarnar da suka tafka tun daga yamma. Ba tarihi ya kawo ni ba, na dai kwana a gidan wani abokina ma'aikacin jinya, muka raba dare muna shan shayi. Na tambaye shi masu emasi, kamar yadda ake kiran ciwon a nan Nijar. Ya ce lokacinsu ne yanzu. Sanyi na shigowa ake fara kawo su, yaro na ihu da ƙafa ko ƙirji ko baya, idanu sun yi ruwan ɗorawa, tafin hannu ya yi fari. Abin da yake iya yi musu shi ne ƙarin ruwa, maganin rage zafi, maganin zazzaɓin cizon sauro idan gwaji ya nuna, in jini ya yi ƙasa sosai a shiga neman ɗan'uwan da zai bayar. Da yawa, in ji shi, ba a taɓa yi musu gwajin da zai tabbatar da ciwon ba. Uwa ce kawai ta san cewa wannan ɗan nata ba kamar sauran ba ne.

Abin da ke ba ni mamaki game da wannan ciwo shi ne ƙanƙantar asalinsa. A cikin jan jini akwai wani furotin mai suna himogulobin, shi ke ɗauko iska daga huhu ya rarraba wa jiki. Umarnin yadda za a ƙera shi yana rubuce a DNA, rubutun gadon da kowa ya karɓo daga uwa da uba, wanda ke da haruffa kusan biliyan 3. A cikinsu duka harafi ɗaya ne ya canza. Wannan harafin ya sa himogulobin ɗin yana manne wa juna idan iska ta yi masa ƙaranci, ya miƙe ya yi tauri, ya tanƙware ƙwayar jinin ta koma siffar lauje. Sai ta toshe ƙananan jijiyoyi, ga kuma gajeren rai: ta lafiyayye tana kwana 120, ita kuwa da ƙyar take wuce kwana 20. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa laifin na himogulobin ne, Vernon Ingram ya gano ainihin wurin da canjin yake a 1956. Wanda ya gaji harafin daga gefe ɗaya lafiyarsa lau, har ma yana da wata kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954, shi ya sa abin ya yawaita a ƙasashen sauro irin namu, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ke ɗauke da shi. Idan masu ɗauke da shi biyu suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. An san ciwon ciki da bai tun kafin Nijar ta samu 'yancin kai.

Da safe na hau kabu-kabu muka yi arewa maso yamma. Kwalta ta ƙare, jar hanya ta ƙare, muka shiga rairayi, inda mai babur ke tuƙi da ƙafafunsa biyu a ƙasa. Wanda ya san wannan yanki a shekarun fari zai yi mamakinsa yau. Gonaki cike suke da itatuwa, albarkacin sassaben zamani da manoman Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980, suna barin tohon kututture ya girma maimakon su sare shi. Gawo ya yi kore shar, shi da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Da muka gangara kwarin Gulbin Kaba sai goruba ta karɓe wuri, manya da ƙanana, mata na yankar kaba don tabarma da igiya da faifai.

Babur ya yi zafi muka tsaya a gindin wata dakwara. Na ɓanɓaro ƙaro daga jikinta na jefa a baki, irin na yarinta. Ƙaro polima ne. Haka masana sinadarai ke kiran duk abin da aka gina da ƙananan gaɓoɓi masu maimaita kansu, ɗaruruwa ko dubbai, a sarƙe wuri guda. Zaren kabar da matan can ke yanka polima ne, sitacin da ke cikin gero polima ne, baƙar ledar da iska ta rataya a ƙayar dakwarar ita ma polima ce, haka shi kansa DNA. Na daɗe ina bibiyar aikin masu ƙera polima don kai gyaran gado cikin jikin mutum, kuma a zaton da nake yi, idan har akwai ranar da irin wannan magani zai iso kwarin nan, ta wannan hanya ko 'yar'uwarta zai biyo.

Mun isa bayan azahar. Yaron na kwance a ɗakin kakarsa, an rufe shi da bargo, ga kaskon wuta a gefe. Ciwon ya lafa, sai dai bai iya taka ƙafar hagu ba. Shekarunsa tara amma ka ce shida. Ƙanwata ta kawo mini ruwa ta durƙusa.

"Yaya, sannu da hanya. Ka ga ɗan naka."

"Yauwa, sannunku da jinya. Yana cin abinci?"

"Yau dai ya sha hura."

Inna, matar Kawu, ita ta ba ni tarihin ciwon, kuma ba ta bar komai ba. Ta ce an haife shi ɓulɓul, har ya yi wata shida babu abin da ke damunsa, sai da ya fara zama hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura. Haka aka yi da yayarsa da ta rasu. Abin da Inna ta lura da shi, shi ne ginshiƙin maganin da Kawu ya ji a rediyo. Jariri na zuwa duniya da wani himogulobin na daban, na zaman ciki, wanda ba ya lauje. A watannin farko jiki ke rufe shi ya buɗe na manya, daga nan ciwon ke bayyana.

Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a zaure, Kawu ya kashe rediyonsa ya ce, "To Mushe, muna saurare. Mi ka sani?"

Na ce masa rediyo ba ta yi ƙarya ba. Sunan maganin Casgevy. Ingila ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a ranar 8 ga Disamba, har Saudiyya ta amince da shi a farkon 2024. Yana aiki da wata dabara da ake kira CRISPR, wadda ke yanka DNA a daidai inda aka nufa, wadda kuma ta jawo wa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna kyautar Nobel a 2020. Ba ya taɓa harafin da ya lalace. Abin da yake yi shi ne lalata makunnin da ke kashe himogulobin na jarirai, sai jiki ya koma ƙera shi. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da ciwon ya tashi musu da ƙarfi ba.

"Alhamdu lillahi. Nawa ne?"

"Kawu, dala miliyan 2.2 ta Amurka. Ya haura sefa biliyan ɗaya."

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya har da tari, ya ce ko shanun kasuwar Mayahi duka aka kora ba za su kai ba. Na ce masa ko kyauta aka ba mu, da sauran magana. Ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya. Sai an tatso iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke zaune a ɓargo, an aika su wani ɗakin bincike an gyara su, abin da ke cin watanni. Sannan a ba majinyaci wani magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, busulfan, ya share tsohon ɓargon, ya kwanta makonni a ɗakin da ko ƙuda ba ya shiga, jikinsa babu garkuwa, ana yi masa ƙarin jini, kafin gyararrun su kama. Maganin sharewar yana iya hana haihuwa. Kuma da aka amince da shi, na 'yan shekara 12 zuwa sama ne.

Kawu ya tambayi abin da duk mai hankali zai tambaya: in dai sun san gyaran, me ya hana su zuba shi a allura su yi wa yaro a hannu?

Nan ne gizo ke saƙa. Kayan gyaran, DNA ne ko ɗan'uwansa RNA, ba sa jure tafiya. Idan aka zuba su tsirara a jini, cikin mintuna sinadaran jiki ke daddatsa su. Ko sun tsira, ba sa iya ratsa fatar ƙwayar jiki, don suna da girma, kuma suna ɗauke da cajin lantarki na korau, ita ma fatar haka, sai su riƙa ture juna. Dole a samu abin da zai ɗauke su. Na ce wa Kawu ya tuna fataken da, masu ɗauko goro daga Gwanja: goron ba shi ne wahala ba, huhun ne, ganyen da zai rufe shi ya yi watanni a bayan jaki bai bushe ba bai ruɓe ba, kuma ya kwantu cikin sauƙi idan an iso Kano. Kawu ya yi fataucin goro da ƙuruciya, bai buƙaci ƙarin bayani ba.

Masu bincike sun fara da bairos, tunda shi sana'arsa ke nan, shiga ƙwayar jiki da kayansa. Ana cire masa dafi a ɗora masa saƙo. Yana aiki, amma noman sa a masana'anta tsada gare shi, kayan da wasu irinsa ke iya ɗauka kaɗan ne, kuma jiki na gane shi ya yaƙe shi, har allura ta biyu ta gagara. A 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya mutu a gwaji a Filadalfiya saboda yadda garkuwar jikinsa ta tayar wa irin wannan bairos. Sai kuma ƙunshin kitse, wanda duniya ta sani ba tare da ta san sunansa ba, don shi ya ɗauki rigakafin korona na Pfizer da Moderna. Shi ne ya fi kowa nisa yanzu. Aibinsa, in an zuba shi a jijiya yawancinsa hanta yake tafiya, kuma yana son sanyin firiza.

Na uku shi ne polima. Ana ƙera zare mai cajin tabbatau, a gauraya shi da DNA a ruwa. Da yake cajinsu kishiyoyi ne, sai su kama juna su dunƙule da kansu su zama ƙunshi mai faɗin nanomita 50 zuwa 200. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin kai kuwa ya kai nanomita 80,000. Ƙwayar jiki na haɗiye ƙunshin ta rufe shi a wata 'yar jaka, ta fara zuba masa tsami don ta narkar da shi, kuma a nan yawancin saƙonni ke halaka. Wani nazari da aka yi a 2013 kan ƙunshin kitse ya samu cewa abin da ke kuɓuta daga jakar bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. A 1995 ɗakin binciken Jean-Paul Behr a Strasbourg ta Faransa ya nuna cewa wani polima mai suna PEI ya iya fita daga wannan tarko. Bayanin da aka bayar shi ne yana shanye tsamin, ƙwayar ta ƙara zubawa, gishiri da ruwa su biyo baya, jakar ta kumbura ta fashe. Har yau masana na gardama kan ko haka abin yake daidai, amma PEI na aiki, kuma ana amfani da shi kullum a ɗakunan bincike. Matsalarsa ita ce ba ya narkewa a jiki, kuma cajin da ke ba shi ƙarfi shi ke yaga fatar ƙwayoyi. A 2000 David Lynn da Robert Langer na jami'ar MIT suka fito da wani dangin polima, PBAE, mai kai saƙo sannan ruwa ya warware shi. Sauƙin haɗa shi ya sa ana iya ƙera ɗaruruwan iri a gwada a zaɓi na kirki.

Aikin da ya fi kusa da damuwarmu an yi shi a jami'ar Yale. A 2016 ƙungiyar Peter Glazer da Mark Saltzman ta yi amfani da PLGA, polimar da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da ita, ta ƙunshe kayan gyara ta yi wa ɓeraye masu talasimiya allura a jijiya. Talasimiya 'yar'uwar amosanin jini ce, a gado ɗaya suke samun matsala. Ba a taɓa ɓargon ɓerayen ba, ba a ba su maganin sharewa ba, kuma jininsu ya gyaru. A 2018 suka maimaita a kan 'ya'yan ɓera tun suna ciki. A Siyatil kuma, Matthias Stephan ya nuna a 2017 cewa ana iya liƙa wa ƙunshin PBAE wata alama a bayansa don ya nemi irin ƙwayar jinin da aka aike shi gare ta.

"Ɓera," in ji Kawu.

Ɓera kuwa. Ban ɓoye masa ba. An gwada ƙunshin polima mai ɗauke da RNA a jikin mutane masu ciwon daji tun 2008, aikin Mark Davis na Kalifoniya, bai kai ga zama magani ba. Iyayen ƙwayoyin jini ba su da yawa, kusan ɗaya cikin 10,000 na abin da ke ɓargo, yawancinsu kuma barci suke, ba sa karɓar baƙo. Hanta da saifa na tsince ƙunshin kafin ya isa. Kuma gyaran da ya sauka a inda ba a nufa ba, ba a iya janye shi. Duk da haka ina ganin nan ya kamata ido ya koma. Polima ana dafa ta ne a tukunyar masana'anta, ba a nomanta a cikin rayayyun ƙwayoyi, don haka tana iya yin araha. An nuna ana iya busar da wasu irinta su zama gari a jiƙa lokacin amfani, ko da yake jure zafin watan Afrilu a Mayahi wani gwaji ne daban. A Oktoban 2019 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da gidauniyar Gates sun yi alkawarin dala miliyan 200 don neman gyaran gado na amosanin jini da ƙanjamau wanda zai yiwu a Afirka, kuma abin da suke hari ke nan, allurar da za ta yi aikin a cikin jiki. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin jariran da ake haifa da ciwon a Afirka suke, Najeriya kaɗai kusan 150,000 a shekara, amma maganin farko da aka ƙera an yanka shi ne daidai jikin asibitocin Boston da Landan.

Inna, da ke sauraro daga bakin ƙofa, ta ce, "To kafin ɓeran ya gama warkewa, mu mi za mu yi?"

Wannan tambayar tana da amsa, kuma ba ta kai kuɗin bijimi ba. A fara da gwajin jini a tabbatar da irin ciwon, a gwada ƙannensa. Gidan sauro kowane dare. Ruwa da yawa, rigar sanyi, kada ya yi wanka da ruwan randa da asuba. Zazzaɓi ko kaɗan a nufi likita ranar, ba a jira gobe ba. Ƙaramin cikinsu, in gwaji ya nuna yana da shi, akwai penisilin na kullum da rigakafi. Sannan akwai haidiroksiyuriya, tsohuwar ƙwaya mai ƙara himogulobin ɗin jarirai, wato hanya ɗaya da Casgevy, sai dai ita kullum ake sha kuma sai da awon jini lokaci-lokaci. Ba a nesa aka gwada ta ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt sun ba yaran da ke cikin haɗarin shanyewar jiki, sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo yana ba da kariya. Maganar gwaji kafin aure kuwa na ajiye ta sai da safe, na yi ta da Kawu mu biyu a bayan rumbu, don akwai wani auren zumuncin da ake shiryawa a gidan, kuma mijin ƙanwata na zaune a zauren.

Da za mu tafi, yaron bai iya hawa babur ba, sai aka ɗaura wa bijimin amalanke, aka shimfiɗa katifa, ni da shi da uwarsa muka hau, ubansa na kora. Rairayi ne har kusa da Mayahi. A hanya wani ma'aikacin lafiya ya wuce mu a kan babur, ya ɗaure akwatin sanyi na rigakafi a baya da igiyar roba, yana sauri kafin ƙanƙarar ciki ta narke. Mutanen nan sun iya kai abu. Kowace damina suna bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara, wata bayan wata, har rugagen da ba su da suna a taswira.

A Mayahi aka duba ƙafar, aka ba shi maganin zafi, aka rubuta mana takardar zuwa Maraɗi don gwajin da zai bambance irin himogulobin ɗinsa. Ubansa ya juya da amalanke don ya isa gida kafin duhu. Mu kuma muka zauna a tasha muna jiran motar Cadawa ta cika, saura mutum huɗu, direba ya tafi sallar la'asar. Yaron ya ga mai goruba ya ce yana so, uwarsa ta ce haƙoransa, na saya masa biyu.